Gunda a Cikin Katako: Da Kuɗinmu Muke Sayo Ta

Bazara ta kankama, kuma nan da 'yan makonni hadarin farko zai taso daga gabas da irin iskar da ya saba zuwa da ita. Kusan kowace shekara, idan wannan iska ta ratsa ƙasar Ɗanbatta da Makoɗa har zuwa Kazaure, washegari sai a ga kwanon rufi a gonakin mutane, wani ma da katakonsa a jiki, an ɗauke shi ɗungurungum kamar hular da aka fizge. A ce iska ta yi ɓarna, a jajanta wa juna, a shiga neman bashin gyara. Iska kam ta yi nata. Amma da mai gida zai ɗauki guntun katakon da ya faɗo ya murza shi, sau da yawa zai ji yana marmashewa, ƙusa tana zarewa da hannu, wani gari mai laushi yana zuba daga cikinsa. Iskar ta zo ne ta tarar da aikin da aka shekara biyu ko uku ana yi a ɓoye.

Mai wannan aiki ita ce gunda, wato ƙananan ƙwarin nan da tsutsarsu ke cin itace daga ciki. A gidajenmu duk katakon da ya lalace sai a ce gara ce ta ci, alhali bambancin da ke tsakaninsu shi ne mabuɗin magani. Gara a ƙasa take zaune. Tana buƙatar hanya daga ƙasa zuwa itacen, shi ya sa take gina ramin laka a jikin bango, kuma idan ka fasa itacen da ta ci za ka tarar ta cika shi da ƙasa. Gunda ba ruwanta da ƙasa. Ko dai ta zo da fiffikenta, ko kuma a shigo da ita cikin katakon tun daga kasuwa. Alamarta ƙananan huji ne zagayayyu, faɗin kowanne bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, kamar an soka bakin biro, sai kuma gari mai laushi kamar fulawa da ke taruwa a ƙarƙashin gado ko a gindin ƙyaure. Akwai danginta da suka fi ta girma, hujinsu ya kai a zura tsinken ashana, garinsu kuma ya fi kauri. Idan kuwa abin da ka murza a yatsa tsaba-tsaba ne mai tauri kamar yashi, to wata irin gara ce mai zama cikin busasshen itace, wadda ta fi yawa a kudu mai laima, takan kuma biyo kujeru da akwatuna zuwa arewa. Wanda ya haƙa gindin bango ya tuttula magani ya tare wa gara hanya, amma gunda da ke can cikin rufi ko warinsa ba za ta ji ba.

Yadda rayuwarta take shi ne ke ruɗar mutane. Uwar, wani ɗan siririn ƙwaro ja-ja da bai kai ƙwayar shinkafa ba, takan saka ƙwanta a cikin ƙananan kafofin da ruwa ke bi a jikin itace tun yana tsaye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, farar tsutsa ta fito, ta shiga ci tana bin tsawon itacen, tana cusa gari a bayanta. Watanni take yi a haka, wani lokaci ta haura shekara, ba ta taɓa fasa fatar katakon ba. Sai ta riƙa ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito. Saboda haka hujin da ka gani ƙofar fita ce. Wadda ta yi shi ta riga ta ci ta ƙoshi ta tafi neman inda za ta saka nata ƙwan, sau da yawa a jikin wannan katakon dai. Shi ya sa falanki zai yi kyau a ido, da fenti da sheƙi, amma cikinsa ya zama gari.

Ga ɗalibaina masu saurin tambayar intanet, ga wata 'yar fadakarwa. Yawancin abin da za ku karanta a kan tsutsar katako Turawa ne suka rubuta shi game da tasu, wadda ke son sanyi da danshi, har sukan ce idan ka busar da gida ta gudu. Tamu tana jure bushewar da 'yar'uwarta ta Ingila ba za ta iya ba. Da bushewa kaɗai magani ce, da hunturu ɗaya ya gama mana da ita.

Abin da tsutsar ke nema a cikin itace shi ne sitaci, abincin da bishiya ke tanada wa kanta. Wannan sitacin ba ko'ina yake ba. Idan aka yanke gungumen maɗaci ko kirya, za a ga tsakiyarsa ja ce ko mai duhu, gefensa kuwa, daf da ɓawo, fari ne. Tsakiyar ta daɗe da daina aiki, bishiyar ta janye abincinta daga ciki ta cika ta da sinadarai masu ɗaci da ƙwari ba sa so. Farin gefen nan shi ne rumbun bishiyar. Masana itace sun nuna cewa idan sitacin da ke cikinsa ya gaza kimanin kashi 3 cikin 100, tsutsar ba ta samun abin da za ta rayu a kai. Duk ɗan sakandare ya san gwajin: a ɗiga aidin a kan sabon yanka, idan ya koma shuɗi mai duhu kamar baba, akwai sitaci. To kun ga, ƙaddarar katako tun ranar da aka sare shi aka kuma yanka shi take rubutuwa, kafin ya ga gidan kowa.

Magina na da ba su san kalmar sitaci ba, amma sun san wannan magana sarai. Azara, wadda ake tsagawa daga gangar jikin giginya, musamman namijinta, ta saɓa wa sauran itatuwa: ƙarfinta a gefe yake, tsakiyarta ce mai laushi kamar soso. Saboda haka sukan tsaga ta su fafe laushin su zubar, su riƙe baƙin gefen nan mai tauri da ko gara ke jin nauyin taɓawa. Da irinta Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ita aka rufe sorayen Gidan Makama a Kano, kuma har yau akwai zaurukan da ke tsaye a garuruwanmu da azarar da kakannin masu gidan suka ɗora. Talakan da bai da halin azara yakan sari marke ko kirya, ya bar su su sha iska, ko ya jefa sandunan cikin kududdufi su yi makonni, ruwa ya tsotse zaƙin da ke cikinsu. Gora da gwangwala ma haka ake yi musu. Ɗakin girki kuwa hayaƙi ne ke tsare shi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon madafi ya ga yadda itacen rufin ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli, ba huji ko ɗaya. Kuma itacen na gida ne. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙasar noman da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a bai hana manomin nan kula da bishiyoyin gonarsa ba. Kowace bishiya da mai ita, an san shekarunta, an san ranar da ta isa sara.

Yanzu fa? Rufin kwano ya maye gurbin soro, kuma ba na cikin masu kukan hakan, domin wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da kwano a tsakiyar Agusta ba zai yi wa rufin ƙasa waƙa ba. Sai dai kwano da katako yake tafiya, katakon kuwa daga dazuzzukan kudu tirela ke kawo shi, a sauke a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, daga nan ƙananan motoci su rarraba shi zuwa garuruwa irin namu. Mai saye bai ga bishiyar ba, bai san sunanta ba, abin da ya sani shi ne tu-bai-tu da tu-bai-fo da farashinsu. Mafi araha shi ne farin katako mara nauyi irin su obeche, wanda duk littafin ilmin itace ya san shi da saurin kamuwa da gunda, domin a jikinsa da wuya ka bambance tsakiya da gefe. Manyan bishiyoyi sun yi ƙaranci, ana sare ƙanana, ƙaramar bishiya kuwa kusan dukkanta farin gefe ce. Masu nagartar ma ba mu ake bar wa ba. Madobiya, wadda kafintocinmu suka sani tun fil azal, an yi ta kwasarta daga Taraba da Kogi zuwa ƙasar Sin har sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga farkon shekarar 2017. A gida kuma, sandunan turare da na darbejiya da ake samu daga shingayen bishiyoyin da aka dasa don tare iska, irin na Yambawa, ana sare su suna ɗanyu, a ɗora su a rumfa ko rufi da ɓawonsu a cikin mako guda.

Wani dattijon kafinta da nake zama wurinsa idan na je gida ya taɓa warware mini zancen a taƙaice. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ce aka yi wa kayan ɗaki, uban ya sayar da tumaki ya ci bashi a kai, amma kafin a yi sunan ɗanta na fari gadon ya fara zubar da gari. Na ce masa, "Baba, ashe haka sana'ar taku ta koma?" Ya ajiye zartonsa ya ce, "Malam, kai ma ka san amsa. Idan na ce wa uban yarinya gadon maɗaci kaza ne, na farin katako rabin haka, kuma biki saura kwana 20, wanne zai ɗauka? Mu abin da aljihu ya ce muke yankawa. Fenti kuwa ba ya tona asiri sai an kai amarya." Ban ga abin da zan ƙara a kai ba. Mu da kanmu muke zuwa kasuwa mu taya gunda, mu biya kuɗin mota a kawo mana ita gida.

To idan ta riga ta shigo fa? Kafin a kashe ko sisi, a fara tabbatarwa tana nan da rai, domin huji yakan shekara 20 bayan mai shi ta ƙare. A share garin tas, a shimfiɗa baƙin ƙyalle ko takarda a ƙarƙashin wurin, a bar shi mako biyu ba tare da an jijjiga kayan ba. A zagaye hujin da ake da su da alli, ko a manna takarda a kan wani sashe a ga ko za a huda ta. Sabon huji bakinsa fari ne mai kaifi, tsoho ya yi duhu ya cika da ƙura. Sannan a ɗauki wuƙa ko sukudireba a bi katakon ana sokawa, musamman inda ƙusa ta shiga da inda ya hau bango. Na rufi kuwa sai an cire silin ɗaya an leƙa da tocila. Yawancin masu gida ba su taɓa ganin katakon da suke kwana a ƙarƙashinsa ba tun ranar da kafinta ya sauko. Inda wuƙa ta nutse ba wahala, wannan katako ya gama aiki. Babu maganin da ke mayar da gari itace. A cire shi, a ƙone shi a ranar, kada a jingine shi a bayan ɗaki ko a tara shi cikin itacen girki kusa da sabon da aka saka.

Abin da ake iya ɗauka, kamar kujera da akwati da ƙafar gado da allo, maganinsa yana saman kanmu kyauta a wannan watan. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita tun shekarar 2002 don katakon da ake ɗaure kaya da shi zuwa ƙasashen waje ita ce a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. A wannan zafin ƙwai da tsutsa da uwa duk mutuwa suke yi. A watan Afrilu inuwa ma takan haura digiri 40 a ƙasar Kano. Idan aka naɗe kayan cikin baƙar leda mai kauri, aka ɗaure bakinta, aka ɗora a kan tsohon kwano a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar, ana juyawa, kwana uku ko huɗu a jere, zafin da ke ciki yakan wuce abin da ake buƙata. A lura dai, zafin fata daban, na tsakiya daban. Turmi ko katako mai kauri ya fi falanki buƙatar lokaci, kuma kayan da aka haɗa da gam suna iya ɗagowa. Gidajen adana kayan tarihi a ƙasashe masu zafi suna amfani da wannan dabara, ba ƙauyanci ba ce.

Abin da ba ya ciruwa kuma yana da sauran ƙarfi, sai a kankare fentinsa, domin magani ba ya ratsa fenti. Mafi sauƙin illa ga mutane shi ne boraks, farin garin nan da maƙeran zinariya da masu walda ke amfani da shi, ana samunsa wurin masu sayar da sinadarai a birni. A narka shi a ruwan ɗumi, a shafa da burushi har katakon ya sha, a bari ya tsane a maimaita. Ya fi shiga ɗanyen katako, domin danshin da ke ciki ne ke jan sa, kuma ruwan sama yana wanke shi, saboda haka na cikin ɗaki ne. Akwai kuma magungunan katako na gwangwani, irin su Solignum da masu sinadarin fametirin, waɗanda ake shafawa ko a ɗura a huji da sirinji. Su ma iyakarsu kusa da fata. Aikinsu shi ne su kashe mai fitowa da mai shirin shiga, don haka za a iya ci gaba da ganin gari na wasu watanni kafin a ga ƙarshensa. A bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a buɗe tagogi, a fitar da yara da abinci. Bayan ya bushe a shafe katakon da fenti ko banish ta kowace fuska, har da ƙasa da baya da bakin yanka, inda kafinta ba ya kai burushi saboda ba a gani. Uwar ba ta iya saka ƙwai a kafar da aka toshe.

Baƙin mai da ake karɓowa wurin bakanike ya zama kamar farilla a wajen masu rufi. Yana ɗan kore mai shigowa, amma ba ya kai wa ga tsutsar da ke ciki, yana ɓata silin, yana ɗauke da dattin inji mai illa ga fata, ga shi abokin gobara. Wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya fi tayar mini da hankali. Mu manoma ne, mun saba da ƙwarin wake da na masara, to da mun ga gari na zuba sai hannu ya tafi ga maganin rumbu. Wani ya fesa fiya-fiya a gado ya kwanta a kai, alhali tun shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper saboda rayukan da ake rasawa. Wani ya nemo ragowar Gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Mafi muni shi ne mai jefa ƙwayar hayaƙin nan ta buhun hatsi a cikin silin ko ƙarƙashin gado. Ƙwayar tana haɗuwa da danshin iska ta saki gas mai kisa, wanda ke ratsa bango da silin zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka, kuma ba shi da makari a asibiti. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas a Amurka, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu bayan an zuba irin wannan magani a ƙarƙashin gidansu aka kuma watsa masa ruwa. Ko masana ba su tsira ba. Lokacin da aka gano a 1913 cewa ƙwaro ya rarake rufin babban zauren Westminster a Landan, wanda aka ɗora tun ƙarshen ƙarni na 14, Farfesa Harold Maxwell-Lefroy aka nema ya haɗa magani. Daga wannan aiki ne ya kafa kamfanin Rentokil, amma a watan Oktoban 1925 hayaƙin gubar da yake gwaji da ita a ɗakin bincikensa ya yi ajalinsa. Rufin kuwa, abin da ya cece shi a ƙarshe har da ƙarafan da aka ɗaure shi da su a aikin da aka kammala a 1923.

Duk wannan wahala ce ta bayan fage, kuma mai gida shi kaɗai ke ɗaukarta. A Ostireliya, ƙasar da bishiyar turare ta fito, jihohin New South Wales da Queensland sun taɓa yin doka a shekarun 1940 da ta hana sayar da farin gefen katako mai kamuwa da gunda sai an yi masa magani. Mun karɓo bishiyar, ba mu tambayi dokar ba. Ba na tsammanin doka irin wannan za ta yi aiki a nan gobe, kuma ba na so a ƙara wa ɗan kasuwa wani jami'in da zai riƙa karɓar na goro. Abin da nake gani mai yiwuwa ƙarami ne: kwami ɗaya na siminti, ko durom biyu da aka tsaga aka haɗa, cike da ruwan boraks, a inda ake sayar da katako da sanduna a kasuwar Ɗanbatta ta ranar Lahadi. Mai saye ya biya ɗan abin da bai kai kuɗin katako ɗaya ba a tsoma masa kayansa, ya dawo ya ɗauka. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan kusa, tana da malamai da ɗaliban da za su iya auna yawan garin da ya kamata a zuba da kwanakin da kowane kauri ke buƙata, su koya wa matasa biyu ko uku su mayar da shi sana'a.

Kafin a samu haka, mai shirin rufi ya sayi katakonsa da wuri, wata biyu ko uku kafin aiki. Ya juya kowane ɗaya da hannunsa, ya ƙi mai ɓawo a gefe, ya ƙi mai huji ko da guda ɗaya ne, ya duba ƙasan tarin da aka ciro shi ko akwai gari. Ya jera su a inuwa bisa duwatsu, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya shafe su tun suna ƙasa, domin idan aka ɗora kwano rabin katakon hannu ba zai sake kai masa ba. Uwar amarya kuma, ranar da za a je ɗauko kaya, ta sa a kifa gadon a gabanta ta ga cikinsa.